Fuloti huɗu, biyu na ruwa: yadda ginin wata makarantar Zango ya kaya a Kumasi

Asalin lamarin

Makarantar tsohuwar Islamiyya ce a ɗaya daga cikin zangunan Kumasi, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi baƙi a wannan birni na ƙasar Ghana. Ta yi shekaru tana karatu a zauren malamin da ya kafa ta, da wata rumfar kwano a tsakar gida. Da yara suka haura ɗari biyu sai aka raba su, wasu safe wasu yamma, duk da haka wurin bai isa ba. Wanda ya san Aboabo da Asawase da Sabon Zango ya san ba a maganar fili a can, gida ya jingina da gida, wani lungun ma da ƙyar mutum biyu ke giftawa. Ga shi kuma iyaye da yawa sun fara komawa sababbin unguwanni a bayan gari. Sai aka kafa kwamiti na mutum tara: Malam, wani Alhaji ɗan kasuwar goro a matsayin shugaba, mahauta biyu, direban trotro (ƙaramar motar haya), wata Hajiya mai sayar da waakye (shinkafa da wake) da ke riƙe da asusun mata, da wasu dattawa. Kuɗi ya taru daga taimakon bayan sallar Juma'a, da na watan azumi, da abin da tsofaffin ɗalibai suka aiko daga Jamus da Amurka.

A Kumasi da kewayenta galibin ƙasa ta kujerar sarauta ce. Sarkin gari ne ke yankawa a madadin kujerarsa, a ƙarƙashin Asantehene, babban sarkin Asante, kuma abin da mai saye ke samu haya ce ta dogon lokaci, wadda ga ɗan ƙasa takan kai shekara 99. Tsarin mulkin 1992 ya hana a sayar da irin wannan ƙasa kacokan. Mai saye yakan biya abin da al'adar Asante ke kira kuɗin abin sha, a ba shi takardar rabo daga fada da ɗan zanen filin, daga nan takardu su bi ta ofishin filaye na Manhyia, fadar Asantehene, da Hukumar Filaye ta ƙasa. 'Yan kwamitin sun san wannan hanya, ta ita da yawansu suka samu filayen gidajensu. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa shiga ofishin tsara gari kafin ya zuba harsashi. An saba a gina tukuna, takardar izini ta biyo baya in ta biyo.

Janairu 2017: sayen fili

Wani dillali ya kai su arewa maso yammacin birni, ta hanyar da ke tafiya Barekese. Fuloti huɗu ne a haɗe, kowanne ƙafa 100 tsawo 100 faɗi, wato ƙafa 200 kowane gefe, kimanin mita 61. Biyu na sama suna bakin hanyar da aka share, biyu na ƙasa sun gangara zuwa wani ƙaramin rafi. An yi ciniki a kan sidi (kuɗin Ghana) 15,000 kowanne, ƙasa da abin da ake biya a kan tudun unguwar.

Rafin yana cikin ƙananan ruwayen da ke ƙarewa a madatsar Owabi, wadda aka gina a 1928, kuma ita da ta Barekese ne ke ba Kumasi ruwan famfo. Dajin da ya kewaye ta wurin kare namun daji ne, a 1988 aka sa shi cikin jerin dausayin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Ramsar ke karewa, shi kaɗai ne a Ghana da ba a gaɓar teku yake ba. Filin makarantar ba ya cikin dajin. Abin da ya zuba a rafinsa dai can yake tafiya.

Lokacin hunturu ne, rafin bai fi a tsallake shi da taki ɗaya ba. Amma akwai abubuwan da ke ƙasa ga mai kallo. Ƙasar fulotin sama ja ce mai tauri, ta ƙasa baƙa ce, in an murza ta da yatsa tana manne. Akwai tukurwa a tsaye a gefen ruwa, da rake, da ramukan ƙaguwa nesa da bakin rafin da taki ashirin ko fiye. Wata tsohuwa Ba'asantiya da ke noman gwaza a wurin ta ce wa direban da Twi, in watan shida ya kama, nan ruwa ke kwana. Ya faɗa wa sauran a mota. Dillali ya ce ai duk Kumasi haka take, tifa ce maganinta.

Takardar rabon ta zo da sharaɗin da irinta kan zo da shi: a fara gini cikin shekara biyu, in ba haka ba fada na iya karɓar filinta.

Maris 2018 zuwa Mayu 2019: harsashi, ciko da katanga

Wani mai zanen gini ya fitar musu da ajujuwa takwas a ƙasa, jere uku sun kewaye filin wasa, da ƙaramin masallaci, da bayan gida a kusurwar da ta fi gangare don ƙazanta ta bi ƙasa. Ba a kai zanen asambili, wato ƙaramar hukuma, ba. Sharaɗin shekara biyu na matsowa, kuɗin hannu kuma bai wuce na bulo da siminti ba.

A fulotin sama aiki ya tafi lafiya. A na ƙasa, da lebura suka kai ƙafa biyu sai ruwa ya fara tsattsafowa, a cikin watan Maris tun damina ba ta kankama ba. Birkila ya yi dariya ya ce, “Alhaji, an ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Mu kam mun tona.” Shawararsa ita ce ta dillali: a cike. An zuba jan ƙasa tifa 46 a kan sidi 18,400, aka ɗaga wurin da kusan ƙafa uku, aka ja katangar bulo mai tsayin ƙafa shida a bakin rafin, tsawon ƙafa 200, don ta riƙe cikon.

Daminar 2018 ta wuce ba tare da ɓarna a makarantar ba. Gidaje uku na tsallaken rafi ne suka ce ruwa ya shigo musu tsakar gida, abin da ba su saba gani ba. Sun kai ƙara wajen asambiliman, wato kansilan unguwar, kwamiti ya aika da goro da ban haƙuri, aka ci gaba da aiki. Kafin Mayu 2019 jeren ƙasa, mai aji uku a gefen rafi, ya kai tsayin taga.

Yuni 2019: katanga ta faɗi

An kwana ana ruwa. Da, in rafin ya cika yakan bazu a ɓangarorin biyu, ya kwanta a fadamar kwana biyu ko uku yana tsiyayewa a hankali. Yanzu ɓangare ɗaya an toshe shi, sai duk ruwan ya karkata tsallake. A ɗaya daga cikin gidajen nan uku ya kai gwiwa a cikin ɗaki. Can da asuba ya ƙwaƙule gindin katangar, kimanin ƙafa 70 ta zube, jan ƙasar da ke bayanta ta bi ruwa ta toshe kwalbatin da ke ƙasa da wurin. Ba a rasa rai ba.

Bayan kwana biyu ma'aikatan hukumar agajin gaggawa ta NADMO suka zo tare da masu duba gini na asambili. Aka shafa wa jeren ƙasa babban giciye da jan fenti, aka rubuta da Turanci cewa a dakatar da aiki a kawo takardar izini. Takardar da ta biyo baya ta ƙara da cewa ginin yana kan hanyar ruwa. Tun bayan daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya da gobarar gidan mai suka kashe mutum fiye da 150 a Kwame Nkrumah Circle a Akra, kalmar nan ta hanyar ruwa ta yi nauyi a ofisoshin ƙasar, ba ma'aikacin da ke son a ga sa hannunsa a kan irin wannan fayil.

Yuli 2019 zuwa Disamba 2020: neman a wanke jan fenti

Kwamiti ya ɗauki matsalar a matsayin rashin takarda, don haka ya shiga neman takarda. Aka haɗa su da wani mutum cikin masu zama a bakin ofisoshi, wanda ya ce ya san kowa a ciki. Ya karɓi sidi 4,000 a kashi biyu. Bayan wata uku ya kawo wata takarda mai hatimi, Alhaji ya sa aka yi mata leda aka liƙa a jikin ginin. Birkila ya dawo, aka ɗora bulo layi biyu. Da mai duba gini ya sake zuwa ya karanta, sai ya ce wannan rasit ne na sayen fom ɗin neman izini, ba izini ba ne, fom ɗin ma ba a mayar da shi ba. Ya ƙara jan fenti a kan na da. Mutumin kuwa wayarsa ta daina shiga.

An je fada. Kakakin sarki ya saurare su cikin mutunci, ya ce Nana, wato sarki, ya ba su fili kuma ba wanda zai ƙwace musu, maganar asambili kuwa su da asambili. Sai korona ta zo aka rufe makarantu a Maris 2020, taimakon Juma'a ya tsaya. Gab da zaɓen Disamba wani ɗan takara ya ziyarci wurin, ya ba da siminti buhu 100, ya yi alƙawarin zai yi magana. Simintin ya yi amfani daga baya.

Fabrairu zuwa Agusta 2021: ganin taswira

Akwai wata tsohuwar ɗalibar makarantar, 'yar ɗaya daga cikin mahautan, wadda ta karanta tsara birane a jami'ar KNUST ta Kumasi. Da ta ji ana shirin haɗa kuɗi a ba wani sabon mai hanya, sai ta sami shugaban kwamiti ta ce, “Baba, kafin a ƙara ba kowa ko pesuwa, ku bari mu je mu ga taswirar unguwar. Ba a ɓoye take ba, tambaya ce ba mu yi ba.”

A sashen tsara gari na asambili aka buɗe musu taswirar da aka amince da ita. Inda zanen fada ya nuna fuloti huɗu, taswirar ta nuna biyu, sai wani koren zare da ya bi rafin tun daga sama har ƙasa. A nan ne aka warware musu yadda abin yake. Doka mai lamba 925 ta 2016, wadda ta kafa hukumar tsara amfani da ƙasa ta LUSPA a madadin tsohon sashen tsara birni da ƙauye, ta ɗora wa kowace asambili kwamitin da ke amincewa da taswirar unguwa da ba da izinin gini. Dokar ƙananan hukumomi mai lamba 936, ita ma ta 2016, ta hana a yi gini ba tare da rubutaccen izini ba, ta kuma ba asambili ikon rushe wanda aka yi ba bisa ƙa'ida ba. Tsarin mulki da kansa ya ce ba a rabon ƙasar sarauta sai Hukumar Filaye ta yanki ta tabbatar rabon ya dace da taswirar da masu tsara gari suka amince da ita. Wato fada na da ikon cewa wa zai riƙe fili, asambili ke da ikon cewa me za a yi a kansa.

Faɗin koren zaren ya samo asali ne daga manufar tazarar bakin ruwa da Hukumar Albarkatun Ruwa ta fitar a 2011. Ta ware mita 60 zuwa 90 a gefen manyan madatsun ruwan sha, 10 zuwa 60 ga manyan koguna, 10 zuwa 20 ga ƙananan rafukan da ba sa ƙafewa, 10 zuwa 15 ga na damina, sai mita 30 a kewayen fadama, ana aunawa daga inda ruwa ke kaiwa in ya cika. Manufa ce, ita kaɗai ba ta rushe gini. Haƙoranta suna fitowa ne idan asambili ta zana ta a taswira ta kuma hana izini a kanta.

Kwamiti ya ga ƙofa a nan. In an lissafa wurin ƙaramin rafi, mita 10 zuwa 20 kawai za su rasa, jeren ƙasa na iya tsira. Suka ɗauki safiyo, mai awon fili, mai lasisi, suka kuma shigar da buƙatar a sauya amfanin wurin a taswira. Ƙaramin kwamitin ƙwararru ya zo duba wurin a watan Yuli tare da wakilin hukumar kare muhalli ta EPA. Sun sa aka tona rami a gefen cikon, ruwa ya fito tun ba a kai ƙafa ɗaya ba. Sun ga tukurwar da ta rage, sun ga alamar ruwan 2019 a bangon gidajen tsallake. Suka ce fadama ce. Awon safiyo ya nuna mita 30, kusan ƙafa 98, ya cinye fulotin ƙasa biyu saura taki ɗaya. A Agusta aka ƙi buƙatar a rubuce. Da Alhaji ya matsa, babban jami'in ya ce masa, “Alhaji, ko na sa hannu yau, ruwan nan ba zai karanta takardata ba.”

Satumba 2021 zuwa Mayu 2022: sabon zane

Wannan ne lokacin da kwamitin ya kusa watsewa. Wasu suka ce a kai fada kotu. Lauyan da aka tuntuɓa ya ce ana iya yi, amma shari'ar fili takan ci shekaru, kuma ko an ci ba za ta ba da izinin gini a fadama ba. Wasu suka ce a jira rani, a goge fentin, a sayar wa wani da fulotin ƙasa kamar yadda aka sayar musu. Malam ya ƙi. Ya ce ɓoye aibin haja haramun ne, makarantar da ke koyar da haka da safe ba za ta aikata akasinsa da yamma ba. Hajiya ta mara masa baya, ta ce in aka yi haka kuɗin mata ba zai sake shiga ba. Mutum biyu suka daina zuwa taro.

Sauran suka ɗauki mai zanen gini mai rajista suka ba shi fili ƙafa 200 da 100 kawai. Ya mayar da ajujuwa takwas bene, huɗu ƙasa huɗu sama. Masallaci ya fita daga zanen, aka faɗaɗa baranda don sallar azahar da la'asar. Bayan gida ya koma gefen hanya, mafi nisa daga rafin, kuma maimakon babban rami aka zaɓi irin ƙaramin akwatin nan mai narkar da ƙazanta da ya yaɗu a Kumasi. An yi gwajin ƙasa, an sami takardar 'yan kwana-kwana da ta EPA.

Izini ya fito a Mayu 2022 da sharuɗɗa: makarantar ta rushe jeren ƙasa da ragowar katanga da kanta, ta kwashe cikon, kada a zuba siminti ko a kafa komai a cikin mita 30 ɗin, shinge ya zama na waya ko na shuke-shuke wanda ruwa zai ratsa. Matasan unguwa suka yi aikin gayya ranakun Lahadi, suka ɓamɓare bulon da zai ɓamɓaru. Jan ƙasar da aka kwashe da ita aka daidaita fulotin sama aka kuma gyara hanyar shiga.

An koma fada, wannan karon da wakilan Sarkin Zango da takardar safiyo da wasiƙar asambili a hannu. Ba a zargi kowa ba, an dai shimfiɗa zanen fada kusa da taswira. Nana bai mayar da kuɗi ba, ya ba da fuloti ɗaya a can gaba a madadin biyu. Kafin a karɓa sai da aka je aka duba shi a taswira. Daga baya aka sallama shi ga wani da yardar fada, kuɗinsa ya shiga aikin bene.

2023 zuwa 2024: inda aka tsaya

Ajujuwa huɗu na ƙasa sun buɗe a Janairu 2023, na sama sai a 2024 aka rufa musu kwano. A damina ruwa yakan bazu a filin ƙasa, wani lokaci har ƙwaurin yaro, ya janye cikin kwana biyu zuwa uku. Da rani nan yara ke ƙwallo. An dasa gora a bakin rafin don ta riƙe gaɓa, da kwakwa a can sama. Gidajen tsallake sun ga ruwa a tsakar gida sau ɗaya, bai shiga ɗaki ba.

Abin da aka rasa a bayyane yake: kuɗin fuloti ɗaya, sidi 18,400 na ciko, 4,000 na mai hanya, katanga, jeren aji uku, da wajen shekara huɗu.

Me ya sa wancan ya gaza, wannan ya yi

Ciko da katanga sun gaza ne saboda ba su rage ruwan ba ko cokali, sun dai sauya masa masauki zuwa ɗakin maƙwabci. Mai hanya da fada da ɗan siyasa sun gaza saboda duk an je wurinsu neman abin da ba ya hannunsu. Kwamiti ya yi shekara ɗaya da rabi yana ganin takarda ce ta ɓace masa, alhali rabin filin ne tun farko ba na gini ba. Abin da ya yi aiki shi ne mafi arha a cikin duk abin da aka gwada, kallon taswira da awon safiyo, kuma da an yi shi a Janairu 2017 da fuloti biyu za a saya, ko a nemi wani wurin.

A ganina hukuncin mita 30 daidai ne, ko da yake ya yi wa makarantar tsada. Fadamar tana yi wa unguwar aikin da in babu ita sai an gina babbar kwata, tana kuma tare laka kafin ta kai Owabi, wadda dama yashi da shara sun rage mata ciki. Amma laifin bai tsaya kan kwamiti ba. Wanda ya yanka fuloti huɗu inda taswira ta ce biyu ya san abin da yake sayarwa, kuma sharaɗin shekara biyu yana tura mai ƙaramin ƙarfi ya zuba harsashi kafin ya yi tambaya. Asambili kuma ta bar tifa 46 sun wuce, katanga ta tsaya shekara guda, maƙwabta sun yi ƙara, ba a zo da fenti ba sai da ruwa ya riga ya yi nasa hukuncin. Dokar da ke kwance a aljihun tebur, ba turaku a bakin rafi, ba allo a fada, mai saye ba ya haɗuwa da ita sai bayan kuɗinsa ya shiga ƙasa.

Akwai kuma abin da ke ci wa mutanen unguwar tuwo a ƙwarya, kuma suna da gaskiya. A saman rafin, wani mai hali ya cike fadama ya kafa ɗakin ajiyar kaya, jan fentin da aka shafa masa ya koɗe, ginin na nan. Duk abin da ya toshe can, filin ƙwallon makarantar ne zai ɗauka. Dillalai sun riga sun zo sau biyu suna tambayar wurin nan da ke zaune banza, wani ɗan kwamiti ma ya kawo shawarar a jera kwantena a ba da haya. A taron ƙarshen 2024 an rubuta a kundin makarantar cewa ba a sayar da fulotin ƙasa, ba a ba da hayarsu, ba a kafa komai a kansu, an kuma ajiye kwafin taswira da wasiƙar ƙin amincewa ta Agusta 2021 a wajen mutum uku: Malam, Hajiya, da limamin unguwa.